Wasiƙar Lawali a Kwandon Shara

Ku yaran nan da ke zaune ƙarƙashin laima a bakin tasha kuna gyaran waya, kullum na wuce sai na ji kuna cewa aikinmu na da ba aiki ba ne, danne-danne ne kawai. Jiya ma ina ji ɗayanku yana gaya wa wata mata cewa in ta goge saƙo ta kwantar da hankalinta, yana can ajiye a sama har wata guda. To, madalla da sama. Mu a zamaninmu babu wata sama. Duk abin da mutum ya mallaka na rubutu yana cikin wani ƙarfe ne mai faɗin tafin hannu, a cikin kwamfuta, kuma in ya tafi sai mai haƙuri ke bin sawunsa. Ku matso mini da bencin nan in zauna, gwiwata ba ta son tsayuwa.

Ni Sahabi da tafireta na fara, a wata rumfar zana kusa da kotu nan Kaura. Lokacin an ba mu jiha sabuwa, kowa takarda yake nema: ta neman aiki, ta shaidar zama ɗan ƙasa, ta koke. Ina buga takarda uku a lokaci guda da kabon a tsakani, in ribin tawadar ya bushe in ɗiga masa kananzir ya ƙara mini mako. Ina cikin jin daɗina sai ofisoshin Gusau suka fara cewa su takardar kwamfuta suke so, tafireta ta zama kayan tsofaffi. Na ga alamar rumfata za ta koma wurin barci, sai na ɗaure kayana na tafi Gusau koyo.

Wanda ya koya mini sunansa Oga Rasaki, Bayarabe ne haifaffen Gusau, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Wata shida na yi bai bar ni na kunna kwamfuta ba. Aikina buɗe bayanta da sukundireba, in share cikinta da burushin fenti, in hura da famfon keke, in kwashe kyankyasai da ƙwan tsaka, in jera kusoshi cikin murfin gwangwanin madara kada ɗaya ta ɓata. Kafin in taɓa cikinta sai na dafa ƙarfen taga, saboda wutar da ke jikin mutum tana iya kashe ta. Ku nan har da man ƙosai a yatsa kuke buɗe wayar mutane, ina kallonku.

Akwai ranar da ya ba ni wasiƙar wani mutum in buga. Da na gama, mutumin ya tafi, sai ya tambaye ni abin da ke ciki. Ni kuwa don in burge shi na zayyano masa tun daga gaisuwa har sa hannu. Ranƙwashin da ya sakar mini har yau in na tuna sai na shafa wurin.

"Wa ya aike ka riƙewa?" in ji shi. "Hannunka shi buga, kanka kada shi ɗauka. Asirin mutane ne."

Daga ranar na koyi duba takarda ba tare da na karanta ta ba. Ido yana ganin layi ya miƙe, tawada ta fito, sunan mai ita daidai, amma maganar ba ta shiga. Ya ɗauke ni shekara kafin in iya, kuma wannan ya fi haɗa waya wuya.

Da na dawo Kaura sai Alhaji Bawa ya neme ni. Dillalin hatsi ne, yana kai gero Shinkafi da ƙetaren iyaka, bai yi boko ba amma yana da idon kasuwa, kuma mutum ne mai tsoron Allah na gaske, ba na baki ba. Ya kama shago a hanyar tashar jirgi, ya sayo kwamfuta shida, aka kafa mana faranti a kan rufi mai jawo intanet. Shekarun farko na Shari'a ne, don haka muka raba shagon da labule, mata ta ciki maza ta waje, muka juya fuskar kowace kwamfuta tana kallon ƙofa don kada wani ya ɓuya ya kalli abin da bai dace ba. Ana kiran salla muke jan ƙyaure. Ɗaliban kwaleji su ne masu cika mana benci, amma abin da ya sa aka san mu har Zurmi aikin wasiƙa ne.

Ga yadda yake. Samarinmu da yawa sun tafi nema: Sabha ta ƙasar Libiya, Jidda, Abijan. Ƙauyukansu babu waya, wasiƙar hannu kuwa sai an sami mai zuwa. Sai na buɗe adireshin imel guda ɗaya na shago, na rubuta shi a ƙananan takardu ina ba iyaye suna aika wa 'ya'yansu. Yaro ya shiga shagon intanet a can, ya sa a buga masa, a saman wasiƙar a rubuta "a ba wane, gari kaza". Da safe in kunna babbar kwamfuta, wadda ke kan teburina, ta jawo wasiƙun duka su sauko cikinta. In sun sauko kuwa babu sauran kwafi a can inda suka fito, ku riƙe wannan. In fitar da kowace a firinta, in ninke ta uku, in danne da ƙusar takarda, in rubuta suna a baya, in kai tasha in ba direban garin. Wanda bai iya karatu ba ya nemi malamin firamare na ƙauyensu. Ni dai ban karantawa sai in mai ita ya zo da kansa ya ce in karanta masa.

Sai wata ɗabi'a tawa da Oga Rasaki bai koya mini ba, ni na ƙirƙiro abata don lalaci. Duk wasiƙar da na fitar na ba direba, sai in danna mata gogewa don in san na gama da ita. Ba ɓacewa take ba, tana komawa wata jaka ce da Turawa suka sa wa suna kwandon shara, har da ɗan hoton kwando a gefe. Ni kuma ban taɓa zubar da kwandon ba. Ya zama rumbuna. In wani ya ce tasa ta ɓace a hanya, in shiga kwando in lalubo in sake fitar masa. Shekara biyu ina haka ina ganin kaina mai dabara.

Muguwar shekarar ta fara ne da damina. Wata ranar Talata da la'asar aradu ta faɗa wa farantinmu, wutar ta biyo waya ta shigo shago. Kwamfuta huɗu suka ƙone nan take, har da warin roba. Babbar tawa ta tsira don na zare ta ina canza mata fanka. Kafin mu gyara faranti an yi mako biyar, ɗalibai sun koma wani shago da aka buɗe kusa da makaranta. Kafin kaka kuma aka kafa ƙarfen wayar salula a gari, masu laima irinku suka fito, mutum ya biya ya ji muryar ɗansa da kunnensa. Wa zai tsaya jiran takarda? Wuni guda sai in ga mutum uku. Alhaji bai taɓa ce mini komai ba, sai dai ya rage fita kasuwa yana zuwa ya zauna a shago, wai ko zamansa zai jawo mutane. Da zaman ya yi masa yawa ya ce in koya masa riƙe linzamin kwamfuta. Na koya masa, yana tura shi da hannu biyu.

Wata Alhamis bayan Babbar Salla na tafi Shinkafi gyaran firintar wata makaranta, na bar shi da shago. Da na dawo na tarar da shi a bakin ƙofa fuska ba walwala, ko sannu da zuwa bai gama ba.

"Sahabi, ashe haka kaka yi? Sunan Allah cikin kwandon shara, wata da watanni?"

Abin da ya faru, yana ta tura linzami sai ya ga hoton kwando, ya tambayi wani ɗalibi mene ne wannan. Ɗalibi ya ce kwandon shara ne. Ya sa aka buɗe. Mutanenmu kuwa ba su fara wasiƙa sai da bisimilla da sallama da salati, ga su nan jere ɗaruruwa. Ya tambayi yadda ake fitar da su daga wurin, ɗalibi ya nuna masa inda ake zubarwa, ya danna. Kwamfuta ta tambaya ko a matse jakar don a sami fili, tambayar da ni kullum nake ce wa a'a, shi kuwa ya ce i.

Na ce, "Alhaji, wanga ba kwandon gaske ba ne, suna ne kawai anka sa mashi."

Ya ce, "To mi ya hana su sa mashi wani suna? Ni ko takardar ƙosai nig gani da bisimilla bisanta, ɗauka nika yi in ƙone. Ba ni barin ta ga juji."

Haka aka tarbiyyantar da mu duka, ni ma haka nake yi da takarda. Na ji haushi a raina, amma na ce ai tsofaffin wasiƙu ne, duk an kai wa masu su. Na ci gaba da aiki da kwamfutar kamar ba abin da ya faru, wanda shi ne wauta ta biyu, kuma ita tawa ce ni kaɗai.

Kwana tara bayan haka wani mutum ya yi sallama da hantsi, dogo, da rawani da buta a hannu. Ya ce sunansa Ummaru daga Moriki, ya zo ne a kan maganar ƙanwarsa Hassi. Na ba shi benci ya zauna, ya yi bayani a tsanake.

Hassi tana auren wani Lawali na Birnin Tsaba, 'ya'yansu uku. Lawali ya tafi Sabha aikin gini. Cikin watan Rajab wani ya kai masa gulma cewa matarsa ta bar gida ta tafi Moriki ba da izinin kowa ba, alhali jinyar uwarta ta je, kuma da sanin surukinta. Cikin fushi ya aiko da saki ɗaya, ta shagonmu takardar ta bi. Hassi ta yi idda a ɗakinta tana sauraron ko zai aiko da wata magana, shiru. Da idda ta cika ta koma gidansu da na goye, aka bar manyan biyu wurin kakansu. Bayan Babbar Salla bango ya faɗo wa Lawali a wurin aiki, Allah Ya yi masa cikawa. Wani mutumin garin Banga da suke zaune ɗaki ɗaya shi ya kawo labari da 'yan kayansa. Da ya ji ana cewa matar ba ta gidan, sai ya riƙe baki. Ya ce shi dai Lawali ya gaya masa tun kafin azumi cewa ya gane ƙarya aka yi masa, ya kuma rubuto ya mayar da matarsa.

"Babu wanda yag ga wagga takarda," in ji Ummaru. "Malam Isa, uban mamacin, ba ƙin ta shika yi ba. Cewa yay yi shi takardar saki ag gare shi a hannu, kuma ba ya iya sa ta takaba ko shi sa ta cikin gado bisa ji-ta-ji-ta, tsoron haƙƙin marayu shika yi. Liman yac ce ta hanyar da saki yaz zo, a nemo komen ta nan. Juma'a mai zuwa za a yi sadakar arba'in a raba abin da ya bari. Ita kuwa ba gadon ad damuwarta ba, Malam Sahabi. Ɗiyanta taka so, kuma tana son ta yi ma mijinta takaba. Kwana ukku ke nan ba ta ci abinci ba."

Ina da wani littafi da nake sa direbobi su dangwala hannu in sun karɓi wasiƙa. Na buɗe. Ga ta Rajab, a ba Malam Isa, Birnin Tsaba. Na juya shafi biyu, sai ga wata cikin Sha'aban, ita ma a ba Malam Isa. Na tuna makon, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Na bar Ummaru na ruga tasha na sami direban. Ya ce a makon ne motarsa ta kafe a mashigin wani rafi, ruwa ya shiga har kujera, takardun da ke aljihun ƙofa suka zama kunu. Ya yi niyyar gaya mini ya manta. Ban zage shi ba, don ina da nawa laifin da ya fi nasa.

Da na dawo Ummaru ya tambaye ni ko na tuna abin da takardar ta ce, tunda ni na fitar da ita. Na ce wallahi ban karanta ba, ba na karantawa. Ranar ce kaɗai a rayuwata na yi da-na-sanin ranƙwashin Oga Rasaki. Alhaji Bawa yana zaune a gefe yana jin komai. Na ga ya sunkuyar da kai, carbinsa ya tsaya.

"Sahabi, cikin waɗanda niz zubar take?"

Na ce i, Alhaji.

Ya share fuska da hannun riga. Sannan ya ce, "Akwai dabara?"

To ku saurara nan, don wannan shi ne aikin. In an goge abu a kwamfuta, ko an zubar da kwando, ba a share rubutun nan take. Kamar mai gidan haya ne ya cire sunan mutum daga ƙofar ɗaki ya ce ɗaki ya zama fili. Kayan suna ciki har ranar da aka sa wani ya shigo da nasa. Duk takardar da aka buga, duk hoton da aka buɗe, sabon ɗan haya ne ke neman ɗaki. Ni kuwa kwana tara ina zuba 'yan haya. Abu ɗaya ya taimake mu, rashin ciniki. Da a shekarar da benci ke cika ne, da ko ƙurar wasiƙar ba mu samu ba.

Na ce wa Alhaji sai an kashe babbar kwamfuta yanzu, kuma ita ke raba wa ɗayar da ta rage intanet, wato shago ya rufu ke nan har sai na gama, kuma ban yi alkawarin samu ba. Ya tashi da kansa ya zare wayar daga bango, ya sallami ɗalibi ɗaya da ke ciki, ya ja ƙyaure.

Na kwance kusoshi huɗu na zaro faifan ajiyar, wancan ƙarfen mai faɗin tafin hannu. A bayansa akwai wata 'yar roba da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, sai an cire ta da hantsaki an matsar da ita rami na gaba, sannan faifan zai yarda ya zauna a wata kwamfuta a matsayin baƙo, ana karanta shi ba a rubuta masa komai. Ta suɓuce mini ta faɗi ƙasa, muka duƙa mu uku, ni da Alhaji da Ummaru da rawaninsa, muna lalube a siminti har aka gan ta. Na haɗa shi da ɗaya kwamfutar da faffaɗar waya mai ruwan toka. Sannan na ɗauko wani fulofi, ɗan faifan roba na ajiyar bayanai, da Oga Rasaki ya ba ni ranar da ya sallame ni, ina ajiye da shi cikin leda a gwangwanin shayi. Abin da ke cikinsa yana buɗe faifai tsirara, ba jaka ba suna, sai lambobi a hagu, haruffa a dama, fari a kan shuɗi. Ka ba shi kalma, ya bi faifan tun daga farko yana nema.

Na ba shi "Hassi". Kun san yawan Hassi a ƙasar Zamfara? Ya yi ta tsayawa. Hassin wani ta haihu, Hassin wani a saya mata atamfa, Hassin wani a gaya mata ta bar faɗa da maƙwabta. Kowace sai na duba layi biyu in wuce, ina kare fuskar kwamfutar da kafaɗata don asirin mutane ne. Tafiyarsa kuwa ta hawainiya. Wutar gari ta ɗauke ana tsakiya, aka koma farko. Daga nan Alhaji ya ce kada a sake dogara da ita, ya aika aka cika jarka biyu, janareto ya yi ta ruri daga safe har magariba. Wuni na farko ba mu sami komai ba. Wuni na biyu na sami ta sakin, cikakkiya, ko ɗigo bai ɓace ba. Na ji kamar in jefar da kwamfutar waje.

Ummaru a masallacin tasha yake kwana, da safe ya zo ya zauna inda ya zauna jiya. Alhaji ya daina zuwa rumfar hatsinsa, shi ke sayo mana fura, shi ke zuba wa janareto mai. Na ce masa ya je ya huta, ya ce ba inda za shi. Faifan kuma ya fara wani ɗan ƙara, ƙas, ƙas, irin wanda duk mai wannan sana'a ya san ma'anarsa. Na sa fanka a kansa, na ɗora shi a kan jiƙaƙƙen bulo da leda a tsakani don ya sha sanyi.

Wuni na uku na canza kalma. Na ce in mutum zai mayar da matarsa, me zai rubuta? Na ba shi "na mayar". Bayan la'asar ya tsaya. Na ga "Birnin Tsaba" a sama, na ga "Baba". Na ja sama kaɗan, ga kan wasiƙar da ranar da ta iso, cikin Sha'aban, kwana ashirin da 'yan kai bayan ta farko, idda ko rabi ba ta yi ba. Na ja ƙasa ina karantawa, karo na farko tun ranƙwashin Oga Rasaki da na tsaya na karanta wasiƙar wani dalla-dalla ba da izininsa ba. Layi goma sha ɗaya, sai rubutun ya yanke a tsakiyar magana, abin da ya biyo baya tarkacen aikin wani ɗalibi ne a kan noman gyaɗa, wanda ni da hannuna na buga masa a cikin kwanakin nan tara. Na kwafe abin da ya saura a fulofi biyu kafin in buɗe baki. Sannan na ce, "Alhaji, ga ta."

Ya taso ya leƙa, shi da ba ya karanta boko. Ya ce in nuna masa inda bisimillar take. Na nuna masa. Ya koma ya zauna ya rufe fuska da hula. Faifan bai ƙara kwana biyu ba ya mutu gaba ɗaya. Da muka sa sabo, abin da na fara yi shi ne buɗe wata jaka na sa mata suna Adaka, can nake ajiye wasiƙu har ranar da muka rufe shagon.

Ranar Alhamis Alhaji ya ɗauki shatar mota, muka biya Moriki muka ɗauki Hassi da wata gwaggonta, muka wuce Birnin Tsaba. A hanya ina ta tunanin abu ɗaya: in wani ya ce ni na zauna na ƙaga takardar fa? Kwamfuta ba ta da sa hannu. A zauren Malam Isa aka shimfiɗa tabarmi, ga liman, ga dattawa huɗu, mata suna daga bayan ƙofar cikin gida. Malam Isa tsoho ne siriri, idonsa ya fara hazo. Na faɗi yadda takardar ta ɓace da yadda aka same ta, ban rage laifina ba. Alhaji ya karɓe ya faɗi nasa. Liman ya ce in karanta.

Bayan bisimilla da gaisuwa, Lawali ya ce: "Baba, na gane ƙarya aka kawo mini, na yi gaggawa. Na tuna maganar da ka yi mini a gindin kanyar gonarmu ta fadama ranar da zan tafi, da ka riƙe mini jaka ka ce kada in yanke komai ranar da na yi fushi, in bari sai na kwana. Ban kwana ba, Baba, ka yafe mini. Ku shaida na mayar da Hassi ɗakinta, matata ce. A karanta mata wannan a gabanka. Hassi, abin da nake so ki sani shi ne"

Na tsaya, don nan ta tsaya.

Wani dattijo ya fara cewa to ai ita takardar inji kowa yana iya, sai Malam Isa ya ɗaga hannu.

"Mu biyu ad a gindin kanyar nan," in ji shi. Bai ambaci sunan ɗansa ba, ɗan fari ne. "Ko uwarshi ban gaya ma ba. Maganar yaron nan ce." Ya juya wajen ƙofar cikin gida. "Hassi, kin jiya?"

Daga bayan ƙofa ta ce, "Na jiya, Baba." Sannan ta ce, "Malam mai takarda, ba saura?"

Na ce, "Saura ya tafi. Na neme shi ban samu ba, ki yi haƙuri."

Na so in ƙara bayani, in ce ɗan haya da ɗaki da noman gyaɗa, amma na ga ba lokacinsa ba ne. Daga inda nake zaune ina hangen gefenta ta tsakanin ƙyaure da bango, yaranta biyu sun riga sun maƙale mata a jiki.

Ta ce, "Wanga ya isa."

Sai ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta cire 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya, ta zare awarwaron hannunta, ta miƙa wa gwaggonta. Ta tambayi liman kwana nawa suka rage mata. Ya lissafa daga ranar rasuwar ya gaya mata. Ta kama hannun yaran ta shige ɗakinta.